Turken Zuciya

Masu iya magana kan ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Babu wanda wannan magana ta fi dacewa da shi kamar mai son fara zaman natsuwa, wato ya keɓe ɗan lokaci ya tattara hankalinsa wuri guda, ya yi zikiri ko tafakkuri. Ɗalibai da dama kan zo mini da wannan buri, musamman idan jarrabawa ta ƙarato, barci ya ƙaurace wa idanu. Kukansu kuwa ɗaya ne: da zarar sun zauna sai zuciya ta ɓalle. Wasu kan ɗora laifin a kan hayaniyar ɗakunan kwana. Ni kuwa nakan ba su labarin unguwar da na tashi.

Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, ba wurin shiru ba ce. Fataucin goro da shanu ne ya raya ta, ga cinikayya tun asuba, ga ƙarar motocin Mokola. Amma a cikin wannan hada-hadar ce mafi yawan mazajen unguwar suka shiga ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, zamanin da sunan Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha (1900-1975) ya game ƙasar Hausa. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar, ya nuna a littafinsa na 1969 yadda wannan sauyi ya ɗinke 'yan Sabo. Shi siyasar al'amarin ya duba. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka koya wa ɗan kasuwa, wanda kansa ke cike da lissafi, ya zauna ya natsu.

Ba a ce da shi ya bar kasuwa ya shiga halwa ba. Lazimi aka ba shi: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100, safe da yamma, bisa izinin muƙaddami. Sannan ga wazifa a cikin jama'a kullum, da zikirin Juma'a bayan la'asar. Wanda ya lura zai ga abubuwa uku a nan: adadi ɗan kaɗan, lokaci tsayayye, sai kuma jagora da abokan zama.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, ɗan goro ne. Ina saurayi na taɓa tambayarsa yadda yake yi da tunani idan ya riƙe carbi. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ka taɓa ganin sa da aka sauko da shi daga Arewa ya kwanta ranar farko? Turke ake kafa masa. Ya ja, igiya ta dawo da shi. Ya sake ja, ta sake dawo da shi. Wata rana za ka tarar ya kwanta yana tuƙa."

Wannan shi ne abin da sabon shiga ya fi bukatar ji. Ɓallewar zuciya ba alamar kasawa ba ce. Dawo da ita, sau goma ko sau ɗari, ba tare da fushi ba, shi ne ainihin aikin. Carbi da ƙidaya turke ne kawai.

Na san ba kowane mai karatu ba ne ɗan ɗariƙa, kuma ba kiran kowa nake yi zuwa gare ta ba. Zikirin safe da yamma da ya zo a sunna ƙofa ce buɗaɗɗiya ga kowane Musulmi. Wanda zai fara ya zaɓi lokaci guda, kamar bayan sallar asuba, da wuri guda, ko da kusurwar ɗaki ce. Ya ajiye waya nesa da hannunsa. Ya ɗauki abin da zai iya riƙewa ko a ranar da ya fi gajiya, minti biyar ma ya isa. Kada ya ƙara sai ya ga makonni sun wuce bai tsallake ba, kuma ya nemi malami ko aboki da zai riƙa tambayarsa.

Mai jiran duniya ta yi shiru kafin ya zauna zai daɗe a tsaye. Allah ya ba mu zuciya mai natsuwa, amin.