Mai Girki, Karenta da Mai Laifi

A hutun da ya wuce wani kwali na tsofaffin littattafan Turanci ya iso makarantarmu daga Amurka. Mu malamai muka jera su a ɗakin karatu ba tare da mun sa rai da komai ba, domin mun daɗe muna kukan 'ya'yanmu na zango ba sa karanta abin da ba zai fito a jarrabawa ba. Kafin wata ya cika sai ga 'yan mata suna rububin wasu littattafai masu hoton tukunya da kare a bango.

Ba a jima ba wani uba ya zo mana da ɗaya a hannu, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, ashe kisan kai da zama da kare kuke koya wa 'yata?" Muka ba shi kujera, muka roƙe shi ya ba mu mako guda mu karanta. Gaskiya ɗaya ce, mu kanmu ba mu buɗe ko ɗaya ba, abin da ya ba mu kunya ƙwarai.

Ga abin da muka samu. Labarin yakan faru a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa. Sai a tsinci gawa, amma ba a nuna jini ko azaba. 'Yan sanda su zargi marar laifi, sai wata mace mai sana'ar abinci ta shiga bincike don ta wanke shi. Makaminta kunne ne da lura, domin mutane na sakin baki a gaban kwano. Tushen wannan salo yana Ingila, wurin Agatha Christie, wadda ta fitar da littafin farko na tsohuwa Miss Marple a 1930. A Amurka aka haɗa shi da girki. Diane Mott Davidson ta fara labaran Goldy mai dafa abincin biki a 1990, har da bayanin yadda ake girke-girken a cikin littafin. A 2008 Krista Davis ta kawo Sophie Winston da karyarta Daisy, kuma irin nata ne uban nan ya riƙo.

To, mene ne amfanin karen? Yana sa uwargijiyarsa fita yawo safe da yamma, ta haɗu da maƙwabta, ta ji labari. Hancinsa na tono abin da aka ɓoye. In ya ƙi yi wa wani haushi, mai karatu ya gane cewa ba baƙo ba ne.

Da uban ya dawo muka ce masa, "Alhaji, a kan kare kana da gaskiya. Mu mun san kare da gadi da farauta, ba da hawa gado ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amma labarin bai yabi kisa ba, kullum sai an kama mai laifi an wanke wanda aka zalunta." Muka nuna masa littafin rubutun yarinyar, inda ta jera mutum 5 da take zargi, kowanne da hujjarsa. Ya yi shiru, can ya ce ta ci gaba, amma ta riƙa ba shi labarin da Hausa.

Wannan sharaɗi nasa ya tsaya mana a rai. Yarinyar ta san sunan kek ɗin Amurka iri-iri, amma da ƙyar take karanta shafi guda na Magana Jari Ce. A Afirka ta Kudu, Sally Andrew ta fitar da labarin Tannie Maria a 2015, da abincin ƙasarsu. Mu fa? Wa ya fi Hajiya mai koko da ƙosai sanin wanda ya fita da asuba da wanda ya kwana a waje? Ga mai waake, ga mai tubani, ga karen maigadin kasuwa.

Mun sa 'yan aji su rubuta irin wannan labari da Hausa, shafi biyu-biyu. Iyaye, in 'ya'yanku sun zo tambayar yadda ake miyar kuka, ku taimaka musu. Allah ya sa mu dace, amin.