Hattara Dai Baƙo, Daren Jos Sai Ɗan Gari

Tun zamanin da Turawa suka fara haƙar kuza Jos ta zama matattarar masu neman sa'a, har yau kuwa shagunan cacar ƙwallo kan tara samari bayan magariba. Amma fa baƙon da ya sauka garin ya sani yawon dare a nan yana da ƙa'ida.

Tun daga rikicin watan Satumba na 2001 unguwanni da dama suka rabu bisa addini. Saboda haka wanda bai san iyaka ba kada ya ratsa lungu don yanke hanya, gara ya bi Titin Ahmadu Bello ko Titin Bauchi inda akwai jama'a. A Taminus kuwa, inda babbar kasuwa ta ƙone a 2002, kada ya ƙirga kuɗi a fili, balle in ya ci caca, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Can gefen gari, wajen Rayfield da Bukuru, akwai tsofaffin ramukan kuza cike da ruwa, waɗanda ba a ganin bakinsu cikin duhu.

Kafin ka fita, malam, shawarci mai masaukinka. Matambayi ba ya ɓata.