Daga Kano Zuwa Ƙasar Kazaure a Kan Keke

Bayan kaka, sa'ad da aka gama yankan gero, hunturu ya fara kunno kai, na yi azamar ziyartar wani malamina a wani ƙauye na ƙasar Kazaure, bisa kekena ƙirar Raleigh. Tun daren tafiya na ba ƙafafun iska har suka yi tauri, domin tayar da ba ta ƙoshi ba, in ta daki dutse ko bakin rami, ƙarfen wili ne zai matse tiyub ya yi masa huji biyu a jere. Sa'an nan na yi guzurin famfo da sholisho da guntun roba.

Na fita ta Ƙofar Mazugal bayan sallar asuba, har Ɗambatta kuwa ban ga abin ƙi ba. Amma da na bar kwalta na shiga burtali, sai na tarar da tsidau ya shimfiɗu ko'ina, wanda 'ya'yansa in sun bushe, duk yadda suka kwanta sai ƙayarsu ta dubi sama, kuma ba a jima ba ƙafar baya ta sace. Na sauka na tura, gama hawan keke ba iska zalunci ne ga taya da wili baki ɗaya, har Allah ya kai ni gindin wata tsamiya inda wani dattijo ke faci.

Na yi sallama, na ce, "Baba, ko za a taimaka wa matafiyi?" Ya ce, "Bismillah, Malam, kifar da shi." Ya zaro tiyub, ya hura, ya bi shi gaɓa-gaɓa cikin kwanon ruwa har kumfa ta nuna hujin, ya tsane wurin, ya kankare, ya shafa sholisho a kansa da kan robar, ya ajiye su sai da danshin ya ɗauke tukuna ya haɗa ya danne, gama facin da aka liƙa da ɗanyen sholisho ba ya daɗewa. Abin da ya fi ƙayatar da ni cikin hikimarsa shi ne yadda ya zagaya cikin taya da yatsa a hankali har ya ciro tsinin ƙayar, wadda da an bar ta, da ta sake huda tiyub kafin in yi nisa. Ya kuma duba ƙyallen da ke rufe kawunan sifoki, ya gyara masa zama.

Na nemi in sayi sabon tiyub na ajiya, sai ya nuna mini lambar da ke gefen tayata, 28 x 1½, ya ce lalle ita zan nema, saboda ƙarami in an hura shi yakan miƙe ya yi siriri, babba kuwa yakan naɗe a ciki ya tsage a kan ninkin. In kuma tabbata bawul ɗinsa ya dace da famfona, in ja robar in ga ko ajiya ta sa ta tsattsage. Shi ba shi da irin nawa, kuma, saboda amana, ya ƙi sayar mini da wanda ba zai yi ba, ya ce in jira sai Kazaure.

Na isa wurin malam gab da magariba, tayar ba ta rage ko kaɗan ba. Da zan komo, almajiransa suka bi da ni ta wata hanya da shanu suka tattake, wadda ta fi nisa, amma babu tsidau a cikinta.