Ziyara Ƙasar Haciko, Karen da Ya Riƙe Amana

Tun ina yaro nake ƙaunar kare. Kawuna mafarauci ne, a zaurensa na fara sanin halin wannan dabba. Yana da wani jan kare siriri mai dogayen ƙafafu da muke kira Guguwa, ni ne mai zuba masa ruwa idan sun dawo daga daji. Duk sa'ad da kawu ya yi tafiya, Guguwa ba ya barin bakin ƙofa. Ko tuwo aka ajiye masa sai ya shinshina ya koma ya kwanta, har ranar da ya jiyo takun maigidansa. Da na girma na ga karnuka iri-iri: ga karen Jamus da 'yan sanda ke aiki da shi, ga Azawak na Abzinawa da na gani a yankin Tawa, mai zubin barewa da gudun iska. Amma wanda ya fi kwanta mini a rai, ban sa shi a ido ba sai da Allah ya kai ni Japan. Irinsa ake kira Akita.

Washegarin saukata Tokiyo na nufi tashar jirgin ƙasa ta Shibuya. A gabanta akwai mahaɗar tituna wadda idan fitila ta tsayar da motoci, jama'a kan kwararo ta kowace kusurwa kamar an buɗe dam, kuma babu mai bangaje wani. Can gefe, ƙarƙashin itatuwa, na hango dogon layi. Yara da tsofaffi, 'yan gari da baƙi, kowa na jiran a zo kansa ya tsaya kusa da wani kare na tagulla da ke zaune bisa dakali, kunnensa na hagu a lanƙwashe. Shi ne Haciko, ɗan irin Akita. Ƙofar tashar da ke kallonsa ma sunansa aka sa mata, kuma mutanen Tokiyo in za su yi mahaɗa sukan ce a gamu wurin Haciko.

An haife shi a watan Nuwamban 1923 a wata gona kusa da garin Odate, arewacin ƙasar. A farkon 1924 aka kawo shi Tokiyo cikin jirgin ƙasa, aka damƙa shi ga Farfesa Hidesaburo Ueno, malamin aikin gona a Jami'ar Tokiyo. Karen ya saba zuwa tasha taryen maigidansa. Ranar 21 ga Mayun 1925 farfesan ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, rai ya yi halinsa. Zamansu tare bai kai shekara biyu ba. Amma Haciko bai daina zuwa Shibuya ba, yana duba fuskokin masu fitowa, har ya mutu ranar 8 ga Maris 1935. Jira na kusan shekara goma ke nan.

Da fari ba kowa ya gane abin da ke kawo shi ba, har wasu kan kore shi. Sai a 1932 jaridar Asahi ta buga labarinsa, mutane suka fara kawo masa abinci. A 1934 aka kafa masa mutum-mutumi yana da rai, kuma yana wurin ranar da aka buɗe shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka narkar da wancan saboda buƙatar ƙarfe. Wanda na tsaya a gabansa na 1948 ne, aikin Takeshi Ando, ɗan maƙerin farko. Ƙasa ce da ta fito daga yaƙi a ragargaje, abinci ma yana wuya, amma shekara uku kacal bayan ƙare yaƙin ta tuna da karen da ya riƙe amana. Wannan ya girmama mutanen nan a idona.

Daga nan na bi sawunsa cikin birni. A maƙabartar Aoyama akwai ƙaramin dutsen tunawa da shi daf da kabarin maigidansa. A harabar sashen aikin gona na Jami'ar Tokiyo kuwa, a 2015 aka kafa wani mutum-mutumin: farfesa ya sunkuya, kare ya ɗaga ƙafafun gaba yana taryensa da murna. Na daɗe a tsaye a wurin, Guguwa da kawu suna ta faɗo mini a rai.

Gani ya kori ji, don haka na kama hanyar Odate. Jirgin ƙasa mai tsananin gudu da suke kira Shinkansen ya yi arewa da mu, daga baya na sauya zuwa ƙarami. Lokacin hunturu ne, gonakin shinkafa duk dusar ƙanƙara ta lulluɓe su, duwatsu sun yi fari fat. Kusa da tasha akwai wani gida da aka buɗe a 2019 domin baƙi su ga karnukan Akita, an gina shi da siffar tsohuwar tashar Shibuya ta zamanin Haciko.

A nan na yi ido biyu da su. Kare ne ƙato mai faɗin ƙirji, kunnuwa ƙanana a tsaye, wutsiya a naɗe bisa gadon baya. Gashinsa ruɓi biyu ne, na ciki mai laushi da ke tare sanyi, na waje mai kauri. Akwai ja mai farin ciki, akwai fari sol, akwai mai zane-zane. Abin da ya fi burge ni shi ne natsuwarsa. Ba ya haushin banza, ba ya rawar jiki don ya ga baƙo. Ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da ido kan mai kula da shi. Kakanninsa abokan mafarautan duwatsu ne da ake kira Matagi, da su ake tunkarar beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai farata. Wato shi ma, kamar Guguwa, jinin farauta ne.

Kuma ba a banza irin ya kawo yau ba. A 1927 mutanen Odate suka kafa ƙungiyar kare wannan iri daga ɓacewa, a 1931 gwamnati ta sa shi cikin dukiyar ƙasa da doka ke karewa. A 1937 Helen Keller, marubuciyar Amurka wadda ba ta gani ba ta ji, ta ziyarci yankin aka yi mata kyautar guda. Da yaƙi ya zo, yunwa da neman fata don suturar sojoji suka kusa ƙarar da su. Wasu mutane suka ɓoye nasu a ƙauyukan cikin duwatsu, daga 'yan kaɗan ɗin da suka tsira aka sake raya irin.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin karnukanmu na gida, masu gadin garke da rumbu, waɗanda sau da yawa ladansu jifa ne da yunwa. Alhali Alƙur'ani ya ambaci karen Ashabul Kahfi a bakin kogo tare da mutanensa, kuma hadisi ya ba mu labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ya ɗan'uwa mai karatu, in kana da karen gadi ko na kiwo ko na farauta, ka ciyar da shi, ka kai shi a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, ka hana yara jifansa. Dabbar da ke riƙe maka amana tana da hakki a kanka.