Suna Ɗaya, Lamba Daban

Mu 'yan kulob ɗin kwamfuta muna koyon PHP, yaren gina shafukan intanet da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995. Aikin da malam ya ba mu shi ne fitar da katin sakamako daga rumbun bayanai na MySQL.

Rumbun namu jadawali biyu gare shi. Ɗaya na sunayen ɗalibai, ɗaya na maki, kowane darasi da layinsa. Umarnin JOIN ke haɗa su, sai mai darussa tara ya fito sau tara. PHP kuma ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya, tana tara wa kowa nasa.

To, da me za ta gane mai shi? A nan Kankiya da Kusada, aji guda kan tara takwarori, har sunan mahaifi iri ɗaya. In aka ware da suna, makin mutum biyu ya cakuɗe, wani ya ci gumin wani. Shi ya sa muke warewa da lambar shiga makaranta, yadda WAEC da NECO ke dogara da lambar jarrabawa.

'Yan'uwa ɗalibai, ku riƙa duba lambarku kafin ku miƙa takarda.