Itacen da na kashe da toka

A kurmin kudu, tun daga Ghana da ƙasar Yarabawa har zuwa Kongo, akwai wani ɗan itace da Yarabawa ke kira agbayun. 'Ya'yansa jajaye ne, kowanne bai fi gyaɗa girma ba. In ka tsotsi guda ɗaya, lemun tsami zai koma zaƙi a bakinka har tsawon rabin awa ko fiye. Wani Bafaranshe, Chevalier des Marchais, ya tarar da mutanen gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna tauna shi kafin cin abinci a tafiyarsa ta 1725. A 1968 masana suka ware sinadarin da ke wannan aiki, mai suna mirakulin: yana manne wa harshe, da zarar tsami ya taɓa shi sai ya tayar da ɗanɗanon zaƙi.

Saboda Inna na neme shi. Ciwon suga ya raba ta da sukari, ita kuwa ba ta da abin so kamar kunun tsamiya. Agbayun ba magani ba ne, ɗanɗano kawai yake juyawa, amma na ƙwallafa rai in ga ta sha kununta da zaƙi. Wani Bayarabe da muke ciniki a kasuwar Sabon Garin Zariya ya ɗauko mini dashe daga garinsu, ya riƙo shi a cinya a cikin mota tun daga can. Da zai miƙa mini ya ce in ba shi ruwan sama, kada kuma in taɓa ƙasar da ya zo da ita. Na ce to, amma a zuciyata na riga na yanke abin da zan yi.

A unguwarmu, kusa da Ƙofar Kuyambana, an san ni da hannun shuka. Barkono da zogale da lalle duk suna yi a tsakar gidanmu, maƙwabta sukan zo neman iri da shawara. Wannan yabo shi ya toshe mini kunne. Na zazzage ƙasarsa, na cika tukunya da tamu, na gauraya da kashin awaki da tokar murhu yadda nake yi wa barkono. Na kai shi ƙuryar ɗakin soro, tunda na ji an ce itacen kurmi inuwa yake so. Ɗakunanmu na cikin ganuwa kuwa an gina su ne don korar zafi, katanga mai kauri, taga 'yar ƙarama can sama. Inuwar kurmi haske ne da ke ratsowa ta tsakanin ganye, ni kuwa duhu na ba shi. Ruwan rijiya nake zuba masa safe da yamma.

Sababbin ganye suka fara fitowa rawaya, jijiyoyinsu kaɗai ke kore. Inna ce ta fara lura.

"Ka koma wurin wanda ya kawo shi ka tambaya mana," in ji ta.

"Inna, yunwa ce kawai. Na san abin da yake so."

Na ƙara masa toka. Wannan maganar ita ta fi ci mini rai har yau. Zuba tokar farko jahilci ne, ana yafe wa mutum shi. Ta biyun girman kai ne, domin an nuna mini hanya na ƙi, kuma na faɗa wa mahaifiyata na sani alhali zato nake yi.

Hunturu ya ƙarasa abin da na fara. Iskar Disamba da Janairu a Zariya tana busar da leɓe ta tsaga ƙafa, balle ganyen da ya saba da laimar kurmi duk shekara. Gefen ganyen ya ƙone, suka dinga zuba. Sai a lokacin na ɗauki tukunyar zuwa Samaru, wurin wani malamin aikin gona. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, ga ta nan kusa, amma ban je ba sai da itacen ya zama tsinke.

Malamin ya murza ƙasar a hannunsa, ya ga burbushin gawayi. "Toka ka sa?" Na ce e. Ya bayyana mini cewa agbayun ƙasa mai tsami yake so, wadda ma'auninta na pH yake tsakanin 4.5 da 5.8. Toka tana kashe tsamin ƙasa yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. Idan tsamin ya tafi, sinadarin ƙarfe yana nan cikin ƙasar amma saiwa ba ta iya zuƙarsa, shi ya sa sabon ganye ke fitowa rawaya. Ashe gaskiya yunwa yake ji, tokata ce ta hana shi ci. Ruwan rijiya ma yakan zo da gishirin ƙasa da ke taruwa a tukunya, dalilin ke nan da aka ce in ba shi na sama.

Na koma Sabon Gari na faɗa wa mai kyautar abin da na yi, ban ɗora wa hunturu laifi ba. Ya yi shiru, sannan ya ce zai sake kawowa in ya je gida. Inna ma na ba ta haƙuri.

Dashe na biyun da ya kawo yana nan a rumfar ƙofar ɗaki, inda hantsi ke taɓa shi sannan inuwa ta rufe shi kafin azahar. Ƙasarsa yashi ne da ruɓaɓɓen ganye da 'yar farar wuta da malamin ya auna mini. Da damina ina tara masa ruwan indararo a randa biyu, bayan ruwan farko ya wanke rufin. Da hunturu ina shigar da shi daf da taga, in lulluɓe shi da farar leda mai huji, in goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Girmansa a hankali yake, dashen iri yakan ɗauki shekara 3 zuwa 4 kafin ya yi 'ya'ya. Bana ya fitar da ƙananan furanni farare, na kuma aika wa malamin hotonsu kafin in taɓa komai.