Gogen Turawa da Takardar da ke Cikinsa

Kun san gogenmu: ƙwarya, fatar guza, da izgar doki. Turawa ma suna da nasu, ana ce masa biyolin. Da katako ake yin shi, tsirkiyarsa huɗu.

A garin Kiremona, ƙasar Italiya, an yi wani masassaƙin goge mai suna Antonio Stradivari. Ya rasu a 1737. A 2011 an sayar da gogensa guda ɗaya kusan dalar Amurka miliyan 16. To, kuɗi irin wannan ai sai mazambata su taru.

A cikin goge akan manna wata 'yar takarda mai sunan wanda ya yi shi. Masana ba su cika yarda da ita ba. An yi dubban goge a Jamus da Faransa, an manna masu sunan mutumen, alhali ya daɗe a kabari. Rubutu ne sosai, amma ƙarya ce.

Mu nan Yebi, in za mu sayi rago a kasuwar Boso, ba mu tsayawa ga bakin dillali. Bakin ragon muke buɗewa mu duba haƙori. Haƙorin goge shi ne katakonsa. Kowace shekara itace yana ƙara zobe ɗaya, mai faɗi a shekara mai kyau, siriri a shekarar wahala. Masana suna auna zobban, su gwada da na itatuwan da aka san shekarunsu. In zoben ƙarshe ya fito bayan 1737, magana ta ƙare. Amma fa tsohon katako kaɗai bai isa shaida ba, don ɓarawo ma yana iya samun tsohon katako. Sai a duba hannun mai sassaƙa: lanƙwasar kai, ramuka biyu na gaba, da fenti. Sannan a bi sawu, daga hannun wa zuwa hannun wa.

Kunne fa? Nan ne na yi mamaki. A 2012, a Faris, an sa wa gwanaye 10 baƙin tabarau, aka ba su tsofaffi 6 da sababbi 6. Sun kasa rabewa. Shida daga cikinsu ma sabo suka zaɓa.

Mai goge namu da ya ji wannan dariya zai yi. Shi in fata ta fashe, sabuwa yake sawa, ya ja izga ya saurara.